Gyaɗar da Malam Sallau Ya Ce Kada a Ɓare

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 12 ga Agusta, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Sallau, tsohon mai riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar kamfanin irin shuka da nake tuƙa wa kamiyo, babbar motar kaya, a nan Zinder. Ni ne Hamisu direba, shekara goma sha bakwai ina ɗaukar kaya daga hannunsa.

Malam, ba ka taɓa barin direba ya tashi ba sai ka taɓa igiyar tamfol ɗinsa da hannunka. Ranar da na kafe a yashin hanyar Dogo, kai ka hau babur ka kawo mini fura da shebur. Amma yau ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Bara aka kawo mana sabon darakta, Abdul'aziz, da sabon tsari a cikin jakarsa. Ya rufe ƙananan rumbunan Tirmini da Gaffati da Dogo, ya tara komai a magaza ɗaya mai rufin kwano. Ya kuma ce a ɓare irin gyaɗa tun Maris a ɗura a leda, wai kamiyo ɗaya ya kwashi kayan biyu. A gaban kowa ka miƙe ka ce:

"Ranka ya daɗe, ɓawo shi ne rigar iri. In aka tuɓe masa ita ya sha zafin bazara, ba zai tsiro ba."

Dariya 'yan biro suka yi, ma'aikatan ofis waɗanda ba su taɓa riƙe hauya ba. Suka karɓe makullinka, suka ajiye maka kujera a bakin ƙofa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Ruwa ya sauka, manoma suka shuka, gonaki suka zauna tsirara. Ni na kai musu ledojin nan, har yau ba na iya haɗa ido da mutanen Gaffati.

Da yake tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai darakta ya rubuta rapor, wato rahoto, cewa tsohon mai magaza ne ya lalata iri da mugun ajiya. Da wannan ƙazafin a kanka ka kwanta ciwo, da shi aka kai ka makwanci.

Ranar sadakar uku darakta ya zo ya zauna a tabarmarka, yana cewa an yi babban rashi. Matarka Hafsatu ta aiko daga cikin gida a kewaya da shi baya, inda 'yar gonarka take. Ashe layi biyu ka shuka rana ɗaya: ɗaya daga ledarsa, ɗaya daga mai ɓawon da ka ajiye. Na ledar tsiro huɗu ne kacal, ɗayan kuwa ya rufe ƙasa har ya yi fure. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya tafi. To darakta, shiru ba ya wanke mamaci. Rapor ɗin nan na cikin biro, ka janye shi.

Allah Ya jiƙan ka Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya bi maka hakkinka. Allah Ya ba Hafsatu da 'ya'yanka haƙuri. Ta ce in kaka ta yi za ta tone layin nan naka, ta adana wa mutanen Gaffati, da ɓawonsa.