Shekarar da Muka Sa wa Tsohuwa Sola

Ofishinmu yana saman wani shagon siminti a Nasarawa, ɗaki biyu da 'yar baranda. Babban ɗakin na Oga ne. Ƙaramin, wanda ba shi da taga, nawa ne ni da Tsohuwa.

Tsohuwa kwamfuta ce, irin manyan nan da ake kira saba. Ba a zama gabanta a buga takarda. Aikinta ta zauna a kunne, mutane su riƙa shigowa cikinta ta intanet daga wayoyinsu. 'Yar gwanjo ce, ta gama wahalarta a wata ƙasa kafin a kawo ta, shi ya sa na laƙa mata wannan suna. Makarantun kuɗi na wannan gefen kogi, daga Narayi har Gonin Gora, su ke hayar shafinmu. Iyaye su yi wa yara rajista, su ɗora hoton fasfo, ƙarshen zango su duba sakamako. Duk a cikinta yake sauka.

Ni ba injiniya ba ne, kada a ɗora mini hular da ba tawa ba. Na fara foliteknik, masaƙar da babanmu ke aiki a Kakuri ta rufe, na tattaro na dawo Makera. Abin da na sani a shagunan intanet na tsince shi, ina kallon hannun mutane. Oga, wani tsohon hedimasta mutumin kudancin jihar nan, ya ɗauke ni don abu ɗaya: in zauna da Tsohuwa. Batirin da ya kamata ya riƙe ta ya mutu tun kafin zuwana. Da an ɗauke wuta sai ta faɗi. In sauka a guje in ja igiyar janareta, in hawo in tashe ta. Kullum haka. Da wannan hawa da sauka na yi aure, da shi na sa yarana makaranta.

Ɗakin nan shi kaɗai ne wurin da na taɓa cewa nawa a duniya. Esi, na'urar sanyaya ɗaki, yana hurawa dominta, ni ina shan sanyi albarkacinta. Fankokinta suna wani kuka ƙasa-ƙasa kamar zuma a cikin amya. In tana jin daɗi na sani, in ta gaji na sani, ba sai na kalli allo ba. A nan nake shimfiɗa darduma in yi azahar, tsakanin bango da ƙafarta.

Ni na matsa a sa sola. Iyaye suna ta kira wai shafi ya ƙi buɗewa, ni kuma gwiwoyina sun fara ƙorafi. Na dami Oga har ya gaji. Aka jera faranti a kan rufi, aka kawo batura da infata, akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Ranar farko da aka ɗauke wuta Tsohuwa ko gezau ba ta yi ba, na fito baranda ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa haihuwa. Wauta ce ta hana ni tambayar kaina, to yanzu mene ne aikina?

Murnar ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan kwanaki kukan fankokin ya canza, ya koma nishi. Shafi ya yi nauyi, a danna a jira, a jira, sai ya tsaya cak. Na kashe ta na kunna, ta tashi garau. Bayan wasu kwanaki ta sake. Na zargi infata, na kira mai solar nan muka yi ta cacar baki a kan matakala. Na zargi ƙurar siminti, na buɗe cikinta na hure. Da na ga allo yana cewa ƙwaƙwalwa ta cika, sai na tsallaka gada na sayo ƙarin ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita nan take. Ta ɗan ƙara kwanaki, ciwon ya dawo. A cikin manhajar shafin akwai waɗanda ake kira ma'aikata, kowanne yana karɓar baƙo ɗaya ya sallama. Na ce tunda layi ya yi tsawo bari in ƙara su. Sai ta fara sumewa tun kafin la'asar.

Oga ya leƙo ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa don ba ya son sanyi.

"Malam, kai ka ce sola. Da ba mu da wuta muna da lafiya. Yanzu ga wuta, ga wahala."

Tun a lokacin akwai masu hure masa kunne cewa ya daina ajiye inji a ofis, ya yi hayar na wasu mutane a ƙasar waje, abin da suke kira kilawud. Ya tambaya, aka ce manhajarsa tana cin ƙwaƙwalwa kamar gara, hayar mai girman haka ta fi ƙarfinsa. Ni na ji wannan da kunnena. Ciwon Tsohuwa ne ya hana a kashe ta, kuma ciwon ne ya sa har yanzu ake bukatar mai zama kusa da ita.

Sai ya kawo wata 'yar cocinsu, mazauniyar Narayi, ta karanta kwamfuta a Zariya. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma Anti nake ce mata. Ranar da ta zo na haɗe rai, na ƙi ba ta kujerata. Ta ja bokitin fenti ta kifa ta zauna, ta buɗe tata kwamfutar a cinya.

"Kai ne mijin Tsohuwa? Oga ya ce kishi gare ka."

"Ki taɓa a hankali," na ce. "Ba ta son baƙi."

"Haba Malam. Ai gaisuwa na zo, ba ƙwace ba."

Ba ta canza komai ba a farko. Kallo kawai take yi. Ta fito da wani baƙin allo mai layi-layi, ta nuna mini ma'aikatan nan a jere, kowanne da abin da ya riƙe. Da safe duk sirara ne. Kafin azahar sun kumbura. Mutane su ragu, su ba sa sacewa. Ta ce abin da za a lura da shi ke nan: hawa ba laifi ba ne, rashin saukowa ne ciwo.

Na ce ban gane ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Ta nuna mini mai shayin da ke ƙasan baranda.

"Ka ga teburinsa? Shi ne ram. Akwatin da yake kulle kaya shi ne sito. Kowa ya sha shayi ya tashi, sai a ɗauke kofi. To naka masu hidimar ba sa ɗauke kofi. Ka ƙara faɗin tebur, sun cika shi. Ka ƙaro masu hidima, kowa ya zo da nasa kofunan."

"Wato ni na ƙara mata ciwo."

"Ka yi mata abin da miji ke yi. Ka ga tana rama, ka ƙara mata tuwo."

Makonnin nan su nake tunawa in na zauna shiru. Takan zo da faten acca a kula, ni in taho da masa daga Makera, mu baje a kan kwali a baranda muna kallon masu keke suna rigima da tirelar siminti. Ta ce masar Makera mai ya yi mata yawa, amma ba ta taɓa barin ko ɗaya ba. Na ce fatenta abincin marasa haƙori ne, ina sa cokali. In lokacin sallah ya yi, ba sai na yi magana ba, za ta ɗauki kwamfutarta ta fita ta ja mini ƙofa. A garin nan da kowa ya san gefen titin da ya kamata ya kwana, ni ban taɓa zama da mutum hankalina kwance haka ba.

Ta ɗauki hoton abin da ke cikin ƙwaƙwalwar da safe, ta sake ɗauka da yamma, ta gwada su. Abin da ya ƙaru hotunan yara ne. Wanda ya fara rubuta manhajar, wani da ya daɗe da komawa Legas, ya tsara cewa duk hoton da aka ɗora a riƙe shi a kan tebur, don katin ɗalibi ya fito da sauri. Bai sa iyaka ba, bai ce a cire ba. Iyaye kuma ba fasfo suke ɗorawa ba, hoton waya ne ɗungurungum, yaro da kujerar falo da labule. Kowane ma'aikaci yana riƙe da nasa tarin.

Ta daɗe tana kallon allon, tana cizon biro.

"Abin da ban gane ba, wannan ramin da ke cikin manhajar tun ranar farko yake. Yaya aka yi shekaru bai kashe ku ba?" Sai ta juyo. "Malam, kafin sola, tana kwana ta wuni a kunne?"

"Wa ya ba ta? Ai ko rabin yini ba ta haɗawa."

Ta ajiye biro, ta fara dariya har tana riƙe ciki. Duk ɗauke wutar da nake tsine wa, ita ke share teburin. Tsohuwa ta faɗi, kofuna su zube, in tashe ta da tebur wankakke. Shekara da shekaru masu wuta suna yi mana magani muna zaginsu. Ni ma na yi dariyar, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Da ta gama ta share ido, ta tashi ta tura ƙofa.

"Hanya biyu ce. Ko dai kai ka zama mai ɗauke wuta, kullum da safe ka kashe ta ka kunna, ka mayar da ma'aikatan yadda suke. Za ta yi ta lallaɓawa. In gaya wa Oga tsohon inji ne, sai da mai kula."

"Ɗayar fa?"

"In toshe ramin. Amma Malam, in na toshe, manhajar nan za ta zama 'yar ƙarama. Ka san abin da Oga zai yi."

Na sani. Ba yaro ba ne ni. Zan so in ce iyayen yara na tuna, masu hawa keke daga Gonin Gora su zo su tsaya a matakala suna tambayar sakamako. Ƙarya ne. A lokacin Tsohuwa tana wannan nishin nata a bayana, ni kuma na tsani jin sa. Na yi tunanin in zo kullum da safe in danne maɓallinta da gangan, lafiyarta a hannun wata ga ta zaune a kan bokiti, ni na hana don in ci abinci.

"Toshe," na ce.

"Ka je gida ka yi shawara da madam."

"Anti, in na je gida ba zan ce ki toshe ba. Toshe yanzu."

Aikin bai ma yi wani tsawo ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta sa duk hoton da ya shigo a rage shi tun daga bakin ƙofa, a kai shi sito. Abin da za a riƙe a kan tebur ta yi masa iyaka, in sabo ya zo tsoho ya sauka. Ma'aikatan da na ƙara ta rage su. Ta kuma sa kowannensu in ya sallami mutane da dama ya sauka da kansa, sabo ya hau, ba tare da an kashe injin ba. Ta ce ko da akwai wani ramin da ba mu gani ba, wannan zai riƙe shi. Muka zauna muna kallo. Ma'aikatan su ɗan kumbura, su sace. Lokacin sakamako ya zo, iyaye suka yi caa, kukan zuma bai canza ba. Ban taɓa jin ta da daɗin murya haka ba.

Zango ɗaya na ƙara. Ina zuwa in share, in zauna, in yi sallah, in tashi. Anti ta sami aiki a Abuja. Ranar da za ta tafi ta kawo mini fate cike da kula, ta ce in riƙe kular. Bayan hutu Oga ya kira ni babban ɗaki. Bai iya kallon idona ba, yana ta gyara tabarau. Ya ce an kwashe komai an kai kilawud, ya ce ni ɗansa ne, ya ce Allah zai buɗa wata ƙofa. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Masu kirki ma suna sallamar mutum. Ya tambaye ni ko akwai abin da nake so. Na ce a ba ni Tsohuwa.

Yanzu ina gyaran waya a wata rumfa a bakin titin Gonin Gora, cikin rana da hayaƙin manyan motoci. Duk motar Abuja da ta rage gudu sai na ɗaga kai, ban san me nake nema ba. Shafin yana nan, an ce ba ya tsayawa. Wani lokaci uwa takan kawo mini waya in duba mata sakamakon ɗanta, ya buɗe nan take, ta ce kai, mutanen nan sun iya aiki. In miƙa mata wayarta.

Tsohuwa tana ɗakina a Makera, matata ta ɗora mata kwanuka. Ran Juma'a in na dawo masallaci, in an yi sa'a akwai wuta, nakan sauke kwanukan in kunna ta. Ma'aikatan suna nan a jere, sirara, babu baƙo ko ɗaya. In jingina da bango in rufe ido ina sauraro. Ba ta daɗewa. Sai a ɗauke wutar, fankokin su yi ta raguwa har su tsaya, matata ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce in mayar mata da kwanukanta inda na gan su.