Ruwan da Malam Yusufu Bai Sha Ba

Ranar Lahadi ce, a ƙarshen damina, shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Na zo hutu daga makaranta. Gidanmu yana wata 'yar unguwar manoma a bayan Tsiga. Dawa ta kewaye mu ta ko'ina, ta fi tsayin mutum. Ina rubuta wannan ne saboda mutane suna ta tambayata abin da ya faru, ni kuwa in na buɗe baki sai muryata ta ƙi fita.

Da sassafe na share tsakar gida, na ɗebo ruwa. Ƙarfe bakwai Baba ya buga ƙarfen sujada, wani guntun ƙarfen dogo da ke rataye a jikin ɗorawa. Baba shi ne mai bishara a wurinmu. Kakata kuwa, wadda ta haife shi, ba ta taɓa shiga ɗakin sujada ba. Bamagujiya ce, tana nan a kan abin da ta tarar iyayenta suna yi. Da ta ji ƙarfen sai ta ce, kamar kullum, "To, an tafi tashin Allah daga barci."

Muna jiran Malam Yusufu. Akawu ne a gidan auduga na Funtuwa, mutumin Gabas, Ibo. Tun ina goye yake ƙasar nan, Hausa a bakinsa kamar ta Bakatsine. Kowace Lahadi yakan zo a kan keke, ya kaɗa ƙararrawa a kwanar gonarmu. Shi ke koya mana waƙoƙi, shi ke riƙe da ajin baftisma, ni ma ina ciki. Tun farkon damina, da hankali ya fara tashi, ya sa matarsa da 'ya'yansa a jirgi suka tafi gida. Shi ya ƙi tafiya. Ya ce ajinmu bai ƙare ba, kuma wanda ya kama garma ba ya waiwaye.

Na taɓa tambayarsa a aji me ya sa muke rufe ido in za mu yi addu'a. Ya yi dariya ya ce, "Rifkatu, kin taɓa ganin ɗan goye yana duba hanya? Barci yake yi abinsa. Ya san bayan wa yake." Na ji daɗin amsar nan ƙwarai. Har a makaranta na riƙa faɗa wa ƙawayena.

Ƙarfe takwas ya wuce, ba ƙararrawa. Muka fara waƙa ba shi. Da hantsi sai ga shi ya fito daga cikin dawa ta bayan gida, a ƙasa, ba keke. Farar rigarsa ta yage. Jini ya bushe a gefen kunnensa. Ya ce an fara kashe mutanen Gabas a Funtuwa tun jiya, gida gida ake bi.

Baba ya sallami jama'a. Ya tsaya a tsakar gida, ya rasa ta inda zai fara. Kaka ce ta tashi. Ta tuɓe wa Malam takalmi da agogo da riga. Ta kwaɓa toka da ƙasa ta shafe masa ƙafafu har gwiwa. Ta sa masa tsohuwar taguwar noman Baba, ta kifa masa malfa, ta rataya masa fartanya a kafaɗa. Ta ce, "Yi tafiya in gani, ɗan nan." Ya taka. Ta ce, "A'a, wannan tafiyar ofis ce. Sunkuya. Bayanka ciwo yake, tun kana yaro kake duƙe." Ta sa shi ya maimaita har ta yarda. Takalman ta jefa cikin tukunya ta rufe da ƙaiƙayi. Ta tuna da komai. Haka muka ɗauka.

Rana ta kusa tsaka muka ji mota ta tsaya a bakin hanya. Sai usur. Sai bugun gwangwani. Sai muryoyi masu yawa, waɗanda ban san ko ɗaya ba.

"Ku fito da shi!"

Maƙwabcinmu Malam Sule, Musulmi ne, ya shigo da gudu ya kwashe Inna da ƙannena zuwa gidansa, ya zauna a zaure ya tare ƙofa. Kaka ta ɗora mini ƙwarya a ka, ta ce maza biyu su kaɗai abin zargi ne, amma in da yarinya da kaya, 'yan ziyara ne. Ta ɗaga danga ta tura mu cikin dawa, ni da Baba da Malam Yusufu. Ita ta koma ta zauna a bakin ɗakinta.

Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarfen sujada. Ba bugun Baba ba ne. Bugu ne na hauka, ba tsayawa. Sai ƙarar jinka tana cin wuta. Awaki suna kuka. Na ji muryar Kaka sama da ta kowa tana zagi, tana kiran sunayen iyayen wasu. Can sai muryar ta ɗauke.

Baba ya tsaya cak. Malam ya ce bari ya fita, shi ake nema. Baba ya riƙe masa hannu, ya ja shi gaba. Na so in yi addu'a. Abin da ya fito kawai shi ne, Yesu, Yesu.

Malumfashi muka nufa. Baba ya san wani Alhaji a can mai motar gyaɗa, ya ce ba zai ƙi ɓoye mutum a cikin buhuna ba. Muka bi gona gona, ba mu hau hanya ba. Ganyen dawa yana yankar fuska. Zafi a ciki kamar murhu. Mun fito ba ko goran ruwa. Mun ji kiran sallar azahar daga nesa, muka ci gaba. Ƙafafun Malam ba su saba da ƙasa ba, suka fashe. Bai yi ƙorafi ba. Leɓunansa sun bushe sun yi fari.

Da la'asar gonaki suka ƙare. Dole mu ratsa ta gefen wani ƙauye. A gindin tsamiya akwai mutane zaune, wasu samari kuma a tsaye da gora da adda.

"Ku tsaya nan!"

Muka tsaya. Baba ya gaishe su, ya faɗi sunan unguwarmu. Suka dubi tsagen fuskarsa. Ɗaya ya zunguri Malam da gora ya tambaye shi yaya damina. Malam ya sunkuya yadda Kaka ta koya masa, ya ce damina ta yi kyau ga tsutsa, ita ta ci audugar, shi an bar shi da ciwon baya. Suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Maguzawa ne, ƙyale su." Muka wuce.

Sai wani dattijo ya kira mu daga ƙofar zaurensa. "Bayin Allah, ba a wuce ƙofata da ƙishi." Ina so a san wannan: alheri kawai mutumin nan ya nufa. Ya ga leɓunanmu ne. Ƙin karɓa kuma zai ja ido. Muka dawo muka durƙusa. Aka kawo ƙwarya cike da farau-farau mai sanyi. Dattijon ya miƙa wa Malam, don shi ya fi galabaita.

Malam ya karɓa da hannu biyu. Ya sunkuyar da kai. Ya rufe ido.

Ni ma na rufe. Baba ma ya rufe. Ba wanda ya yi shawara. Abu ne da muke yi a kan kowace loma, kamar ƙifta ido, shi ya sa ba wanda ya tuna a hana. Kaka ba ta yinsa, ba ta lissafa da shi ba.

Da na buɗe ido, dariyar gindin tsamiya ta mutu. Musulmi bismilla yake yi idonsa a buɗe. Bamaguje yakan ɗan zubar a ƙasa kafin ya kai baki. Mu ba mu yi ko ɗaya ba.

"'Yan mishan ne!"

Wani ya sa gora ya ture malfar. Suka ga fuska ba tsage.

"Na san shi! Akawun gidan auduga ne!"

"Ku kama shi!"

Dattijon ya miƙe ya ware hannuwa. "Baƙona ne! Ruwana ne a hannunsa! Ku ji tsoron Allah!" Suka hankaɗe shi ya faɗi. Baba ya faɗa kan Malam ya rufe shi da jikinsa, aka sauke masa gora a gefen kai, aka janye shi. Wani ya riƙe ni ta baya, ya ce, "Ke 'yar gida ce, kau da kai." Ban iya kau da kai ba.

Malam bai gudu ba. Abin da na gani, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali, don kada ruwan mutane ya zube. Bai kurɓa ba. Sauran ba zan rubuta ba. Ƙarar dai tana nan a kunnena, kamar ana sussukar dawa.

Kafin magariba sun watse. Dattijon yana kuka kamar yaro. Ya fito da sabon farin ƙyalle, ya sa 'ya'yansa suka haƙa rami a gefen gonarsa. Baba ba ya iya tsayuwa, jini yana fita ta kunnensa. Ya ce ni in yi addu'a. Na tsaya a bakin ramin. Na san kalmomin, Malam ne ya koya mini su. Na kasa rufe ido, kalmomin kuma suka ƙi zuwa. Haka aka mayar da ƙasa.

A gidan dattijon muka kwana. Washegari ya ba mu jaki muka ɗora Baba. Mun tarar da Kaka da rai, hannunta a karye, Inna ta ɗaure mata da kara. Ta dube mu, ta dubi bayanmu. Ta ce, "Me na manta?" Baba ya gaya mata. Sai ta ce, "Shi ya rufe ido don Allahnku. To shi Allahn, ina yake kallo?"

Daga baya Baba ya ce mini Yesu ma sai da ya yi godiya a kan ƙoƙo kafin a kama shi, kuma Uban bai hana ba. Ya ce mai bin sa ba a yi masa alkawarin wata hanya dabam ba. Ina jin Baba. Ban bar bi ba, ban san inda zan je ba in na bari. A makaranta an koya mana cewa Allah yana ganin komai, ban kuwa yi shakka ba. Ya gani. Wannan ne ma yake hana ni barci. Ina ta juya maganar ɗan goye. Wata rana in ce an yar da shi a hanya. Wata rana in ce yana goye har yanzu, ni ce ba na ganin mai goyon. Ban san wacce ce ba.

Ga abin da muka rasa. Ɗakin sujada. Rumbun dawa da na gero. Awakin Inna. Kunnen Baba na hagu, ba ya ji da shi. Hannun Kaka ya warke a karkace. Ajin baftisma yana nan inda Malam ya tsaya. Ba mu san sunan garinsu ba, balle mu aika wa matarsa. Takalmansa suna wurin Kaka. Ta fito da su daga tukunya ta goge, ta ce na baƙo ne, ba a taɓawa.

Da yamma in an kawo tuwo, Baba yakan ce, "Mu yi godiya." Kowa ya sunkuya ya rufe ido. Mu biyu ne idonmu a buɗe, ni da Kaka. Ita tana kallon ƙofa. Ni ina kallon ƙwaryar ruwa.