Maganaɗisun Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, bayan Azahar, Allah ya karɓi ran Gwaggo, ƙanwar Baba, bayan jinyar kwana shida.

Gwaggo, a gabanki ban taɓa iya haɗa jimla uku ba, shi ya sa kike ce mini Uwar Shiru. Yau takarda za ta ara mini baki.

A littattafan soyayyar da nake ɓoyewa ƙarƙashin filo, maganaɗisu shi ne abin da ke jan zuciyar budurwa. To da na ji kin ce wa Baba, "Maganaɗisun nan ya hana ni sukuni," sai na shafe wata guda ina zana shi a raina: dogo, mai saje, mai sanyin murya. Ranar da na daure na tambaye ki yaushe zai zo gaisuwa, kin yi dariya har ɗankwalinki ya zame. Washegari kika kai ni ɗakin gwajin kimiyya inda kike aiki.

"Ga surukin naku, gaishe shi," kika ce.

Naɗaɗɗiyar wayar tagulla ce, tana ɗan gurnani kamar firij, da ƙaramin faranti a tsakiyarta. Ƙwayoyin cutar kansa ne a cikin farantin. Kina son ki gano ko maganaɗisu mai kaɗawa a hankali yana rage musu yaɗuwa ko yana ƙara musu. Can nesa da wayar akwai faranti na biyu. Na ce ko mantawa aka yi da shi. Kika ce, "Wannan shi ne shaida. Yana zaune shiru, amma in babu shi ba wanda zai yarda da ɗan'uwansa. Kamar ke."

A asibiti kika kama hannuna kika ce ba ki rubuta wa sabon farantin shaidar suna ba, in je in gaya wa shugabanku kada a ɗauka shara ce. Kwana biyu ina kaiwa bakin ƙofar ɗakin gwajin ina juyowa. Ranar Alhamis, washegarin rasuwarki, na shiga. Mutum biyar masu fararen riguna suka zubo mini ido, na isar musu da saƙonki. Shugaban ya ɗauko farantin daga tiren zubarwa da hannu biyu, ya ce ni zan rubuta sunan.

Ba a san amsar ba tukuna, Gwaggo, amma shaidarki yana nan, ni ma hankalina ya kwanta.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa aikinki ya zama shaida gare ki ranar da baki ba ya magana. Baba, Kaka da abokan aikinta, Allah ya ba mu haƙuri. Amin.