Kada A Sare Cediyar Malam Yahuza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin shan shayin safe aka kira ni a waya: Malam Yahuza na Limancin Kona ya rasu. Ya yi sallar asuba cikin jam'i, ya koma ɗakinsa ya kishingiɗa, shi ke nan. Sai da na sa mai kiran ya maimaita sunan, domin ban yarda da kunnena ba.

Mun yi masa sutura kafin azahar. Yanzu na dawo gida Gyallesu, kuma ina sanar da mai karatu tun daga farko cewa raina a ɓace yake. Hukuncin Allah na karɓe shi hannu biyu. Fushina da mu ne, mu da muka rage, domin ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba aka kawo injin zarto za a sare cediyar da ke ƙofar gidansa. An riga an sauke reshe ɗaya. Sauran yana jiran gobe da safe.

Ga waɗanda ba su san shi ba: tare muka yi aikin gwamnati a Kaduna, teburinsa yana kallon nawa. Tare muka yi ritaya, muka dawo Zariya muna zaman jiran fansho wanda ba ya zuwa a kan lokaci, in ya zo kuma ba ya ganin tsakiyar wata.

Tun da rana nake ganin hotonsa yana yawo a shafukan nan, da kalmomin yabo a ƙasa. "Mutum mai sauƙin kai." "Mai kishin muhalli." Ku yi mini haƙuri in gyara tarihi. Wasu daga cikin masu wannan rubutu, da kunnena na ji su suna kiransa Malam Tsimi. Marowaci suka ɗauke shi, kuma ba su ɓoye ba.

Laifinsa shi ne yana zuwa kasuwa da kwandonsa, ba ya karɓar leda. Mai nama ya san shi, yana hango shi zai fara neman takarda.

Laifinsa shi ne bai sayi firji ba. Randa ya girke a zaure bisa jiƙaƙƙen yashi, da murfin faifai da moɗa a kai. Ni da nake da firji, rabin shekara kabad ne kawai saboda rashin wuta, a wurinsa nake shan ruwan sanyi.

Ɓawon doya, busasshen ganye, kashin awaki, tokar murhu, duk rami guda yake tara su su zama taki. Da wannan takin ya raya zogale da yakuwa da alayyahu a tsofaffin buhuna a tsakar gida. Lokacin da maiɗakina ta yi doguwar jinya, duk safiya sai ya hawo tsohon kekensa tun daga cikin ganuwa ya kawo mata ɗanyen zogale. Bai taɓa shigowa ya zauna a yi masa godiya ba. Zai miƙa kwanon, ya jira a juye, ya karɓi abinsa ya juya.

Wannan ne marowacin naku.

Gidansa na ƙasa ne, bai rushe shi ya sa bulo ba, kowace shekara yake yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Sannan ya ɗauki shebur ya yashe kwatar layin, yana tsamo ledojin da wasu suka zubar, masu ledojin suna wucewa suna ce masa sannu da aiki. Sannu da aiki kawai. Ban taɓa ganin wanda ya naɗe hannun riga ya karɓi shebur ɗin ba.

Ita kuwa cediyar, shekarar da muka yi ritaya ya dasa ta. Reshe ne kawai ya roƙo ya kafa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Unguwar ba ta da ruwan famfo na kirki, shi kuma ba shi da halin sayen ruwan 'yan garuwa don shuka. Sai ya je ya sami limamin ƙaramin masallacin layin, ya nemi izini a ɗauke duwatsun da ake zama a kai a yi alwala, a jera su a gindin reshen. Aka yi ta gunaguni, wai an ƙara wa mutane tafiya. Amma aka saba. Duk wanda ya wanke fuska da hannu don salla a wannan layin, ya shayar da cediyar nan, ya sani ko bai sani ba.

Yau inuwarta ta rufe ƙofar gida uku. Nan tsofaffi suke hira, nan mai gyaran takalmi yake zama, nan mata suke tsayawa su huta da kayan niƙa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na gan shi na ƙarshe. Bayan an sauko daga masallaci na biya, na same shi a gindinta yana ɗinke igiyar kujerarsa. Na fara yi masa ƙorafin zafi da tsadar man janareta. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Sarkin Gyara, zauna ka huta." Haka yake kirana tun muna ofis, saboda ba na barin takarda ta wuce da kuskure. Ya nuna sama da allurar da ke hannunsa ya ce, "Fanshona bai isa in sayi sanyi ba, shi ya sa na dasa shi. Kuma wannan ba ya jiran a kawo wuta."

Na ce masa igiyar da yake ɗinkin ba launinta ɗaya da ta asali ba. Ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce, "Kai ko a Aljanna sai ka ce an karkata kofin."

Da wannan muka rabu.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa, sai ga wata mota ta tsaya a bakin layi da ƙarafunan kanofi da kujerun roba. Bayanta buhunan fiya wata, tuli guda, a ƙofar mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana tsamo ledarsu daga kwata. Na haɗiye wannan. Amma da aka tashe mu daga tabarma, aka ce mu matsa gefe, na ji ƙarar inji a sama, na ɗaga kai na ga mutum a kan cediya, sai haƙurina ya ƙare.

Kafin in miƙe da wannan gwiwar tawa, reshen da ke kallon masallaci ya faɗo. Farin ruwan jikinsa yana ɗiga a kan duwatsun alwala.

Na ja kujerar marigayi na kai ta daidai ƙarƙashin inda mutumin yake, na zauna. Ya kashe injin ya leƙo.

"Baba, ka matsa, zai faɗo maka."

"Ya faɗo," na ce. "Masu haƙar kabari ba su yi nisa ba."

Aka kira Nasiru, babban ɗan marigayi, wanda yake aiki a Abuja. Ya iso idanunsa jajur, ya durƙusa.

"Baba, don Allah. Jibi addu'ar uku. Ogana zai zo da mutanensa. Rassan sun yi ƙasa, kanofi ba zai shiga ba."

"Me kanofin zai yi muku?"

"Inuwa, Baba."

"To wannan da kake durƙushe a cikinta, mene ne sunanta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce tsuntsaye suna ɓata wa mutane kaya, kuma manyan baƙi ba za su zauna a tabarma ba. Na ce masa manyan da suka fi su sun zauna, kuma inda muka kai mahaifinsa ɗazu ko tabarmar babu. Sai ya ɗago kai. Ya ce, "Baba, tun ina yaro ake mana gori, wai ubanmu ba ya iya fitar da kuɗi. Ina so ko sau ɗaya a zo gidan nan a ga an yi abu kamar na kowa."

A nan fushina ya bar kansa ya dawo kanku. Yaron nan ba mugu ba ne. Gorinku ne ya hau bishiyar nan da inji. Ku kuka koya masa cewa darajar mamaci tana cikin yawan kanofi da abincin roba da ake rabawa, kuka sa shi jin kunyar abin da ya kamata ya yi alfahari da shi.

Muna cikin haka Hajiya Rabi, matar marigayi, ta yi magana daga bayan ƙyauren zaure, tunda tana takaba ba za ta fito ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Nasiru, a gindinta aka ɗaura maka aure. Ban ji wanda ya ce rana ta dake shi ba."

Nasiru ya miƙe. Sannan ya ce wa mai injin ya sauko, ya dawo gobe da safe, kafin nan zai yi shawara. Bai ce an fasa ba. Ina so a lura da wannan: bai ce an fasa ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ina so a bi shi yadda na tsara shi.

Kada wanda ya kira Nasiru ya zage shi, kada kuma a yi masa rubutun cin mutunci a ƙarƙashin wannan. Maraya ne tun safiyar yau. Wanda yake da lambarsa ya yi masa ta'aziyya, sannan ya gaya masa a fili cewa shi a tabarma zai zauna. In akwai wanda zai iya isar da maganar nan ga baƙin Abuja, ya isar. Kalma ɗaya daga bakinsu ta isa.

Wanda zai zo gaisuwa gobe, ya zo da wuri, ya zo da tabarmarsa ko buzunsa, ya shimfiɗa a gindin cediyar. Ba wanda zai kunna inji a kan mutane suna karatu. Ni daga sallar asuba can zan wuce, kuma ba zan tashi ba sai na ga an mayar da ƙarafunan nan cikin mota.

Masu rubuta "mai kishin muhalli", ga wurin da za ku tabbatar da maganarku. Layin ba shi da wuyar ganewa. Shi kaɗai ne mai inuwa a wajen, zuwa yanzu.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Yahuza, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, Ka sanyaya zuciyar Nasiru, Ka nuna masa daidai kafin gari ya waye. Duk wanda ya taɓa hutawa a gindin bishiyar nan, mutum ko dabba ko tsuntsu, Ka rubuta wa Yahuza ladansa. Ka sanya shi a inuwarKa ranar da babu wata inuwa sai taKa.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Wanda ya taɓa kiransa da wancan suna, ya nema masa gafara, ya nema wa kansa, sannan ya naɗe tabarmarsa ya same ni a can.