Takardar Haihuwar Yaya

Mahaifinmu mahauci ne a Garwa. Mu biyar ya haifa, maza uku, sai ni da yayata da ta girme ni da shekara huɗu. Inna ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. A zamaninsu, in ji ta, da zarar an ji mai unguwa na yawo yana rubuta yaran da za a kai karatun Nasara, sai a ɓoye 'yan mata a rumbu. Ita ma an ɓoye ta. Duk da haka ita ta matsa wa Baba har ya sa mu a makaranta.

Yaya ta fi kowa kai a gidanmu. Ita ke karanta wa Baba takardun mayanka da ake rubutowa da Faransanci. Tana ajin ƙarshe na firamare, wata rana ta dawo ta ƙi taɓa abinci.

"Inna, daraktan makaranta ya ce kowa ya kawo takardar haihuwa. Wanda ba shi da ita ba zai zauna jarrabawa ba."

Da Baba ya dawo daga kasuwa, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya fiddo takardu uku a cikin leda. Duk na maza ne.

Inna ta ce, "Malam, ina na matan?"

Ya daɗe yana juya takardun kafin ya ce, "Ban zaci za a tambaya ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Washegari Inna ta ɗauki mayafi, muka bi ta ofishin magajin gari. Ba ta jin Faransanci, Fillancinta kuma na cefane ne kawai, don haka Yaya ce tafinta. Ina tsaye na ji ta juyo ta ce, "Inna, ma'aikacin ya ce babu shaidar an haife ni. Sai mun je kotu."

Kotu ta ce a kawo shaidu biyu da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Likitan ya sa Yaya ta buɗe baki, ya leƙa haƙoranta, ya rubuta. A hanya Inna ta ce, "Yadda babanku ke duba saniya ke nan."

Ashe da sauran aiki. A Ngong aka haifi Yaya, a ɗakin kakarmu, ungozomar kuwa ta daɗe da rasuwa. Sau huɗu Inna tana hawa mota zuwa can neman tsofaffin da za su yarda su tsaya gaban alƙali. Baba ya bar teburinsa ya raka ta sau biyu, ya kuma sa aka haɗa da tawa takardar. Takardun sun fito bayan an rufe rajistar jarrabawa da mako biyu.

Darakta ya ce ta maimaita aji. Ta koma, amma dama an sa ta a makare, ta fi kowa tsawo, ƙawayenta duk sun wuce sakandare. Kafin hutun farko ta ba ni littattafanta, ta kama koyon ɗinki wurin wata maƙwabciya. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta haƙura.

Ni na zauna jarrabawata a kan lokaci, na zama malama. Yaya tana Figil da iyalinta, tana da keken ɗinki uku. Bara na kai mata ziyara, na yi mata maganar ajin yaƙi da jahilci na manya, na ce har yanzu za ta iya samun satifiket. Ba ta ɗago daga keken ba.

"Me zan yi da shi yanzu? Ni dai da na san ko zan ci jarrabawar a wancan lokacin."

Ta ciro zare daga baki, ta ce in miƙe ta gwada ni, akwai wata atamfa da ta ajiye mini tun ƙaramar salla.