Gyurme Namgyal, Mai Gyaran Hanyar Tafkin Ƙanƙara

Kafin rana ta leƙo kan duwatsu, Kawu Gyurme ya riga ya shanye shayinsa mai man shanu, ya dama garin sha'ir ya ci, ya saɓa diga ya kama hawa. Daga ƙofar gandun gwamnati har bakin tafkin da ke gindin kogin ƙanƙara, babu dutsen takawa da hannunsa bai taɓa ba. Inda sanyi ya tumɓuke, ya mayar. Inda ruwa ya zaizaye, ya cike. Da yamma ya sauko da buhun robobin da baƙi suka yar. Ya fara aikin nan yana da baƙin gashi, yau ga furfura, gwiwa kuma ta ƙi, shi ya sa ya ajiye aiki a kakar bana.

Baƙi kan hau, su yi ta mamakin shuɗin ruwan, su ɗauki hoto su sauka, ba mai tambayar sunansa. To, yau mu za mu faɗa.

Ku tambayi Inna Yangdrol, mai jan dawakin baƙi, labarin ranar da ƙanƙara ta ɓalle. A gabanta aka yi. Rana tsaka ce, sama tas, sai aka ji ƙara kamar aradu. Wani ɓangaren ƙanƙara, ya kai girman gidan sama, ya rufto cikin tafkin, ruwa ya yi toroƙo ya nufo gaɓa. Baƙi kuwa suna tsaye suna ɗaukar hoto. Gyurme, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya sheƙo da gudu yana kaɗa hula yana ihu.

"Ku hau tudu! Ku bar jakunkuna, ku hau tudu!"

Kowa ya ɗare tudu, sai wata dattijuwa daga birnin Chengdu mai suna Luo Shufen. Numfashi ya ƙare mata saboda tsawon hawa, ta zauna dirshan a kan gadar katako, daidai inda ruwan tafkin yake fita. Gyurme ya riga ya kai tudu, ya waiwaya ya hango ta, ya juyo.

"Ƙanena, tafi ka tsira da ranka," in ji ta. "Ƙafafuna sun mutu."

"Yaya, hau bayana. Buhun shara ma ya fi ki nauyi."

Ya goya ta. Bai yi nisa ba ruwan ya cim masa har ƙugu, mai sanyi kamar yankan wuƙa, gadar ta bi ruwa a bayansu. Ƙafarsa ta fara zamewa, sai Yangdrol ta jefo igiyar doki daga sama.

"Kama, tsohon banza! In ka mutu, wa zai riƙa yi mini faɗa a kan kashin doki?"

Ya kama. Baƙi da masu dawaki suka haɗu suka ja, har suka fito da su biyun. Ranar ko rai ɗaya ba a rasa ba.

Bai tsaya nan ba. Da iznin hukumar gandun, shi da abokan aikinsa suka fasa sabuwar hanya ta kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Da shekara ta zagayo Luo Shufen ta dawo, ta taka da ƙafarta har bakin tafkin.

Kai ne, Kawu Gyurme, ka juyo lokacin da kowa ke gudu. Kai ne tsani, a taka ka a hau, ba ka taɓa cewa a gode maka ba. Namijin duniya, gagara ƙanƙara!

Ranar sallamarsa an yi ta rataya masa fararen gyaluluwa na girmamawa, har wuyansa ya ɓace. Ya ce, "Haba jama'a, ruwa bai kashe ni ba, ku za ku shaƙe ni?" Aka tuntsire da dariya, Yangdrol kuwa tana dariya tana share hawaye.

Mun gode, Kawu. Ka huta, ka miƙe gwiwarka a bakin murhu. Ku kuma matasan kwarin nan da kuke ta ɗokin birni, ku dubi tsohon nan da kyau. Bai taɓa riƙe muƙami ba, amma akwai gidaje a garuruwa masu nisa da ba su yi makoki ba saboda shi. Gurbinsa yana nan a buɗe, ana neman mai zuciya.