Gaisuwar da Na Yi Ta Ɗagawa

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, sana'arta ta ƙuli-ƙuli ta dawo hannuna. Aikin bai taɓa ba ni tsoro ba. Tun ina firamare na iya gyaran gyaɗa, na iya matse mai, na iya murza tunkuza har ta yi santsi. Abin da ya gagare ni shi ne zuwa gaida wata tsohuwa.

Tsohuwar 'yar Dendi ce, daga ƙetaren iyaka take zuwa kasuwar Lolo duk mako. Shekara da shekaru ita ke kwashe yawancin abin da Inna ta soya, ta kai wa masu sari a Benin. In ta bar mu, saura cinikin ƙofar gida, wanda ba zai ɗora tukunya ba. Kuma tana da ƙa'idarta: ba ta sayen kayan wadda ba ta zauna a tabarmarta ba. Sai kin zauna, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya da damina da awaki, a fasa goro, sannan ta ɗanɗana kaya. Aike ba ya yi mata, waya ma ba ta yi.

Tun makon farko Inna ta ce in sayi goro in je, in shaida mata halin da ake ciki, ta san yanzu ni ce. Na ce to, kasuwa mai zuwa.

Da kasuwar ta zo na ce ai ban shirya ba. Ni da na gama sakandare ba zan kai kaya cikin tsohon daro ba. Na je Bagudo wurin wani Inyamiri mai buga takardu, na ba shi aikin 'yar takardar da zan manna wa leda. Ya ce sai mako. Na ji daɗin makon nan, ba zan ɓoye ba. Na yi ta ɗaukar ƙuli-ƙuli hoto ina sawa a waya, ƙawayena na makaranta suna ta sa albarka, ba wadda ta sayi ko ƙulli ɗaya. Kasuwa ta uku na ce akwai hadari. Ta huɗu ban ma nemi dalili ba.

Gaskiyar magana kunya ce. Wani hutu da na raka Inna, tsohuwar tana ta jan gaisuwa, rana na dukana, sai na ce mata in za ta saya ta saya, muna da abin yi. Ta dube ni daga ɗankwali har silifa, ta ci gaba da tambayar Inna lafiyar awaki. Wannan kallon ne ya hana ni Lolo wata guda.

Ranar kasuwa ta huɗun da yamma, maƙwabciyarmu mai daddawa ta shigo duba Inna. Cikin hira ta ce ta ga wata mata daga Sharabi zaune a tabarmar tsohuwar, da daronta a gaba. Bayan ta fita Inna ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Shekara nawa ina zama tabarmar ga, ke zama ɗaya ya gagare ki. Mutum aka sani, ɗiyata, ba leda ba.”

Na fita na sayi goro tun a ranar don kada in sake samun hanyar zillewa. Na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye inda idona zai riƙa faɗawa kansa.

Ranar kasuwa motar farko na shiga. Na sami tsohuwar a ƙarƙashin rumfarta, tana tauna asuwaki. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce mata fofo, kalmar yarensu ɗaya da na sani ke nan. Ta nuna mini gefen tabarma. Ta tambayi Inna, na faɗa mata. Ta tambayi Baba, ta tambayi gero, ta tambayi hanya. Ƙafata ta yi sanyi, bakina yana ƙaiƙayi, na danne shi da haƙori. Da ta ƙare ta koma kan Inna daga farko. Na sake amsawa kamar ban taɓa ji ba. Na miƙa goro da hannu biyu, na ce ta yafe mini maganar da na taɓa yi mata.

“Ke ce mai abin yi? Yau kin gama shi?”

Matan da ke gefe suka kwashe da dariya. Na ce na gama, Iya.

Sai ta sa hannu a daron da na kawo, ta karya ƙuli-ƙuli ɗaya, ta saurari ƙararsa, ta tauna a hankali. Ta ce gishiri ya ɗan fi na uwata, amma suya ta yi. Daga nan ta faɗa mini abin da na jawo. Kasuwa huɗu tana jiran gidanmu, masu sarinta suna jiranta, shi ya sa ta ba matar Sharabi wuri, kuma ita ba ta tashin wadda ta zauna. Za ta raba: rabi nawa, rabi na matar Sharabi. Sharaɗi, ni da kaina zan riƙa kawowa.

Na so in yi gardama, har na buɗe baki. Na rufe shi, na yi godiya.

A gida na faɗa wa Inna yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ce rabi ma arziki ne, tun da ni na zubar da ɗayan. Ban musa ba. Na tambaye ta ko akwai wasu masu sarin da ta sani a Lolo, ta lissafa mini mata biyu da inda suke zama. Kasuwar da ta biyo, goro kashi uku na saya.